Shaidar Da Ta Koma Haja: Waiwaye Kan Cinikin Mahaɗai A Intanet

Duk wanda ya buɗe shafi a intanet, ɗan jarida ne ko mai sayar da takalma, yana fatan sunansa ya fito a sahun gaba idan mutum ya rubuta abin da yake nema a Google. Mutane ba su cika wuce shafin farko na sakamakon bincike ba, kuma ko a can ɗin ma na sama-sama ne ke kwashe mafi yawan baƙi. Cikin abubuwan da suka daɗe suna raba gardamar wa zai hau sama, wa zai zauna ƙasa, akwai mahaɗi, wato ɗan rubutun nan mai launin shuɗi da ake latsawa ya kai mutum wani shafin. Wanda ke da tasiri kuwa shi ne wanda wasu suka sa a shafinsu yana nuno naka. A kan wannan ɗan abu aka gina ɗaya daga cikin manyan kamfanonin duniya, a gefensa kuma wata kasuwar bayan fage ta tsiro, ta azurta wasu, ta karya wasu. Labarin ya doshi shekara 30, kuma ya cancanci a bi shi daga tushe, domin har yau ana tallata wa masu shafuka dabarun da suka daɗe da mutuwa.

Zamanin yabon kai

Lokacin da Tim Berners-Lee ya buɗe shafin farko ga jama'a a 1991 daga cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janiba, shafukan duniya ba su fi a lissafa da hannu ba. Da hannun kuwa aka fara. A 1994 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford, Jerry Yang da David Filo, suka shiga jera shafuka rukuni-rukuni, abin da ya zama Yahoo. Amma shafuka sun riƙa hayayyafa fiye da yadda ma'aikata za su iya karantawa, don haka aikin ya koma hannun injunan bincike irin su WebCrawler da Lycos, sai kuma AltaVista da ta fito a ƙarshen 1995.

Waɗannan injuna sun fi dogara da abin da shafi ya faɗa game da kansa. Idan ka nemi kalmar mota, sai su duba wane shafi ne ya fi ambatonta, a kanun rubutu ko a cikin jiki. Masu shafuka ba su ɓata lokaci ba wajen gano lagon. Mutum zai maimaita kalma ɗaya sau ɗari a ƙasan shafi, ya rubuta ta da farin launi a kan farin fili yadda idon mai karatu ba zai gani ba amma inji zai ƙirga. Wani kuma zai cusa sunayen mawaƙa da 'yan wasa a shafin da ke tallan magani. Hausawa sun ce yabon kai jahilci, to ga injunan wancan lokaci yabon kai shi ne kusan dukan hujja. Kafin ƙarshen shekarun 1990, mai neman bayani yakan sha wahalar tone tarkace kafin ya kai ga abin da ya zo nema.

Tambayar da ta sauya komai

Maganin ya fito ne daga al'adar malaman jami'a. Tun a 1955 wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ya kawo shawarar a riƙa auna darajar maƙalar ilimi da yawan maƙalun da suka kafa hujja da ita. Larry Page, wanda mahaifinsa farfesan kwamfuta ne, ya ga cewa mahaɗi ma kafa hujja ne. Matsalar ita ce mahaɗin intanet hanya ɗaya yake bi. Kowane shafi ya san waɗanda yake nunawa, amma bai san masu nuno shi ba. Kafin a san wannan, sai an zagaye intanet gaba ɗaya an tattaro mahaɗai an juya lissafin. Aikin da Page da abokinsa Sergey Brin suka fara ke nan a Stanford a 1996 da sunan BackRub. A maƙalar da suka gabatar a 1998 sun bayyana cewa sun tattara shafuka miliyan 24, kuma a watan Satumba na shekarar aka kafa kamfanin Google.

Lissafin da suka kira PageRank bai tsaya ga ƙirga yawa ba. Kowane shafi yana da nauyi, yana kuma raba nauyin nan ga shafukan da ya nuna. Idan shafi mai nauyi ya nuna ka, ka samu rabo mai tsoka. Idan ya nuna mutum dubu tare da kai, rabonka ya ƙanƙance. Nauyin shi kansa mai nunin kuma daga masu nuno shi ya samo. Haka ake ta maimaita lissafin har alƙaluman su daina motsi. Sun ƙara da wani abu mai muhimmanci: kalmomin da aka rubuta a jikin mahaɗin ana ɗaukarsu a matsayin bayanin shafin da aka nuna. Ba su kaɗai suka hango wannan hanya ba. Robin Li, wanda ya kafa Baidu a Sin a 2000, ya ƙirƙiro irin wannan dabara mai suna RankDex tun a 1996, Jon Kleinberg ma ya yi nasa nazarin a daidai lokacin.

Wanda ya zauna gaban malamin hadisi ba zai ji wannan tunani baƙo ba. Malaman ba sa tsayawa kan lafazin ruwaya kaɗai, sai sun tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, wa kuma ya shaide shi da amana. Shaidar amintacce guda takan rinjayi ta taron waɗanda ba a san su ba. Sai dai akwai bambanci babba. Malaman sun bi rayuwar masu ruwaya, sun san wanda ke da mantuwa da wanda ke da son zuciya. Inji kuwa ƙirga ya iya, bai san niyyar wanda ya sa mahaɗi ba. Dukan tsarin ya tsaya ne a kan zaton cewa mutum ba ya nuna shafi sai don ya ga amfaninsa. A 1998 zaton gaskiya ne, domin babu wanda ya san mahaɗi na da farashi. Duk rikicin da ya biyo baya daga wannan giɓi ya ɓullo.

Koren ma'auni ya buɗe kasuwa

A ƙarshen shekarar 2000 Google ya fitar da wata 'yar manhaja da ake liƙa wa burauza, a jikinta akwai ɗan koren ma'auni da ke nuna darajar kowane shafi daga 0 zuwa 10. Abin da yake ɓoye ya fito fili, kuma duk abin da aka iya aunawa ana iya sa masa kuɗi. Mai shafin da ke da maki 7 ya wayi gari da haja a hannu ba tare da ya kasa ta ba.

Dabaru suka yi ta fitowa. Aka fara da musaya: nuna ni in nuna ka. Aka buɗe dubban kundayen jera shafuka waɗanda ba mai karanta su, aikinsu kawai karɓar kuɗi su sa suna. Shiga kundin DMOZ, wanda 'yan sa-kai suka fara tacewa a 1998, ya zama abin da ake jira wata da watanni. Aka kafa gonakin mahaɗai, wato tarin shafukan wofi da ke nuna junansu don su tara nauyin da za a sayar. Aka rubuta manhajojin da ke yawo da kansu suna zuba mahaɗai a duk inda aka bar wa masu karatu filin sharhi.

Rikicin ya kai kotu tun da wuri. A 2002 wani ɗan kasuwa a jihar Oklahoma, Bob Massa, mai kamfanin SearchKing, ya fara dillancin mahaɗai a fili, farashi gwargwadon makin shafi. Google ya rage masa maki, shi kuma ya kai ƙara. A 2003 kotu ta kori ƙarar, tana mai cewa makin ra'ayin Google ne, kuma tsarin mulkin Amurka ya kare faɗin ra'ayi. Tun daga ranar kowa ya san matsayinsa: wanda Google ya saukar ba shi da wurin kai kuka sai wajen Google.

A shekarar ce kuma jama'a suka ga ƙarfin kalmomin jikin mahaɗi ƙuru-ƙuru. Masu adawa da Shugaba George W. Bush suka haɗa baki suna nuna shafin tarihinsa na fadar White House da wasu kalmomin Turanci biyu masu nufin mummunar gazawa. Ba a jima ba duk wanda ya nemi kalmomin, shafin shugaban ne ke fara fitowa, ko da yake babu su a cikinsa. Sai a watan Janairun 2007 Google ya toshe wannan ƙofa.

Wani martani mai ƙarfi ga masu zuba mahaɗan banza ya zo a Janairun 2005, lokacin da Google da Yahoo da MSN suka amince da wata alama mai suna nofollow. Mai shafi zai liƙa ta a jikin mahaɗi don ya sanar da inji cewa ya nuna wurin amma bai tsaya masa ba. Daga baya Google ya ce duk mahaɗin da aka biya kuɗi a kansa dole ya ɗauki alamar. Wikipedia ta Turanci ta sa ta a kan mahaɗanta na waje a 2007. Alamar ta rage kwaɗayin wasu, amma kasuwar ba ta watse ba, ɓuya kawai ta yi. Zuwa 2010 ana iya sayen mahaɗai dubu da dala biyar a dandalin 'yan ƙwadago na intanet.

Shekarun hukunci

A watan Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta buga binciken David Segal a kan J.C. Penney, babban kantin sayar da kaya na Amurka. Wata da watanni kantin ke zuwa na ɗaya a neman riguna, shimfiɗun gado, kujerun falo da sauran kaya barkatai. Binciken ya gano shafuka sama da 2,000 da ke nuno kantin, galibinsu ba su da wata alaƙa da tufafi. Kantin ya ce ba da saninsa aka yi ba, ya kuma sallami kamfanin da ke yi masa aikin ɗaga shafi. Google ya ɗauki mataki da hannu. A neman kujerun falo, kantin ya faɗo daga na 1 zuwa na 68 cikin sa'o'i. A watan ne kuma aka hukunta kantin Overstock, wanda ya riƙa ba ɗalibai da malaman jami'o'i rangwame domin a nuno shi daga shafukan jami'a masu nauyi. A Janairun 2012 abin ya biyo ta gida: aka gano wani kamfen na tallan burauzarsa ta Chrome da Google ya sa aka yi ya haifar da mahaɗin da aka biya, sai Google ya saukar da shafin nasa na tsawon kwana 60.

Waɗannan duk hukunci ne na ɗaiɗaiku. Babbar guguwar ta taso ranar 24 ga Afrilun 2012 da sabon tsarin da aka laƙaba wa suna Penguin. Google ya ce ya shafi kimanin kashi 3 cikin 100 na binciken da ake yi da Turanci. Adadin kamar kaɗan ne, amma a bayansa akwai dubban ƙananan 'yan kasuwa da suka kwana da ciniki suka tashi babu. Abin da Penguin ke dubawa shi ne alamun shiri. Mutanen da suka nuna shafi don kansu sukan rubuta sunan kamfanin, ko adireshinsa, ko su ce duba nan. Idan aka ga mahaɗai ɗari biyar duk ɗauke da kalmomin talla iri ɗaya, daga shafukan da ba su haɗa komai da batun ba, to hannu ɗaya ne ya rubuta su.

Nan take kiɗa ya canza. Mahaɗin da aka saya jiya ya zama kaya a wuya yau. Masu shafuka suka koma aika wasiƙun roƙo a cire sunansu, wasu masu kundayen kuma da suka karɓi kuɗin sawa suka nemi kuɗin cirewa. Wata sabuwar mugunta ma ta fito, inda mutum zai sayi tarin mahaɗan banza ya jibga wa abokin hamayyarsa don a hukunta shi. A watan Oktoban 2012 Google ya buɗe wata kafa da mai shafi zai miƙa jerin mahaɗan da ya barranta da su.

Abin da ya fi ciwo a wannan zamani shi ne waɗanda suka fi jin jiki ba su ne suka ƙirƙiro dabarun ba. Manyan kamfanoni suna da lauyoyi da ƙwararru, cikin makonni ko 'yan watanni suke farfaɗowa. Mai ƙaramin shago da ya biya wani ya ɗaga masa shafi, bai ma san abin da aka yi da sunansa ba, shi ne ya jira shekara ko fiye, domin a lokacin sai Google ya sake kunna Penguin kafin wanda ya gyara ya ga sauƙi.

Masu sana'ar ɗaga shafuka suka karkata ga rubutun baƙunta, wato ka rubuta wa wani shafi maƙala kyauta, ladanka mahaɗi a ciki. Al'ada ce mai kyau a asalinta, amma da aka mayar da ita masana'anta sai ta lalace. A Janairun 2014 Matt Cutts, shugaban sashen yaƙi da maguɗi na Google a lokacin, ya shelanta cewa yin haka don neman matsayi ya ƙare, bayan wata biyu kuma aka hukunta dandalin MyBlogGuest da ke haɗa marubuta da masu shafuka. A Rasha, inda cinikin mahaɗai ya fito fili sosai, injin Yandex ya gwada wata hanya a 2014: ya daina ƙirga mahaɗai gaba ɗaya a binciken kasuwanci na yankin Mosko. Shekara guda bayan haka ya dawo da su, tare da horo mai tsanani ga masu saye. Gwajin ya nuna cewa duk da gurɓatar shaidar, inji bai samu abin da zai maye gurbinta ɗungurungum ba.

Daga horo zuwa yin biris

A 2016 abubuwa biyu suka faru. Google ya kashe koren ma'aunin nan, bayan ya shekara biyu da wani abu bai sabunta shi ba. Sannan a watan Satumba ya shigar da Penguin cikin babban tsarinsa yana aiki kullum, tare da sauya manufa: maimakon a saukar da shafi saboda mahaɗan banza, galibi sai a yi kamar babu su. Wannan ya rage zaluncin jibga wa abokin hamayya shara. Ya kuma jefa masu saye cikin duhu, domin mutum zai biya kuɗi, mahaɗi ya fito, amma babu mai gaya masa an ƙirga ko an zubar.

Kasuwar ta nemi sabon ma'auni ta samu a wajen kamfanoni irin su Moz da Ahrefs, waɗanda ke ba shafuka maki har zuwa 100. Makin ƙiyasinsu ne, ba na Google ba, amma da shi ake yanka farashi har gobe. A 2019 Google ya ƙara alamomi biyu, ɗaya ta mahaɗin talla, ɗaya ta abin da masu ziyara suka rubuta. A Disambar 2022 ya sanar da cewa tsarinsa na ƙirƙirarriyar basira mai suna SpamBrain yana gano masu saye da masu sayarwa. A Maris na 2024 ya haramta wasu dabaru biyu da suka yi tashe: sayen tsohon adireshin da wa'adinsa ya ƙare don cin gadon mahaɗansa, da kuma hayar wani lungu a shafin babbar jarida don cin albarkacin sunanta.

Nauyin mahaɗi shi kansa ya ragu. A 2016 wani jami'in Google, Andrey Lipattsev, ya lissafa shi cikin manyan abubuwa uku da ake dubawa. A 2023 wani jami'in, Gary Illyes, ya ce ya daɗe da fita daga ukun. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google a shekarar, shaidu sun tabbatar da cewa ana amfani da abin da masu bincike ke latsawa wajen jera sakamako. Tun daga 2024 kuma Google ya fara ɗora amsar da inji ya harhaɗa a saman sakamako, abin da ke sa mutane da yawa ba sa ƙarasawa shafin kowa. Duk da haka mahaɗi bai mutu ba. Ta hanyarsa inji ke gano sabon shafi, kuma nunin da ya fito daga jarida mai mutunci ko jami'a ko hukuma yana nan da ƙimarsa.

Abin da ya tsira

Idan aka jera dabarun nan, musaya, kundaye, gonaki, sharhin bogi, rubutun baƙunta na haya, tsofaffin adireshi, za a ga hanya ɗaya suka bi. Kowace ta yi aiki na ɗan lokaci, ta yaɗu, aka gane ta, ta mutu, ta bar waɗanda suka shigo a makare da asara. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Abin da bai taɓa faɗuwa ba cikin shekarun nan shi ne mahaɗin da wani ya bayar don ya ga abin nunawa: binciken da ba wanda ya riga ka yi, alƙaluman da ɗan jarida ke buƙata, bayanin da malami zai tura ɗalibansa su karanta, ko sunanka a shafin ƙungiyar sana'arka da abokan cinikinka na gaskiya. Hanyar tana da jinkiri, tana cin ƙarfi, shi ya sa ba ta da masu talla da yawa.

Wannan tarihi ya shafe mu ta fuska biyu. Ta farko, duk mai shafin Hausa da ya fara samun baƙi zai ga saƙonni suna shigowa, wasu na tayin sayar masa da mahaɗai, wasu na neman ya cusa na kamfanin caca ko na bashi a cikin tsohon labarinsa a biya shi da dala. Mai karɓa ya sani cewa shaidarsa ya sayar, kuma mai karatun da ya amince da shi ne zai latsa. Talla halal ce idan an bayyana ta a matsayin talla, aka kuma sa mata alamarta. Ɓoye ta cikin labari yaudara ce ko da Google bai kama ba.

Ta biyu ta fi nauyi. Rubutun Hausa mai yawa yana zaune ne a Facebook da WhatsApp, inda injin bincike ba ya gani sosai ko ba ya gani sam. A ɗan abin da ke buɗaɗɗen intanet kuma, an saba a kwashe labarin wani a manna ba tare da an nuna inda aka samo ba. Sakamakon shi ne shafukanmu suna tsaye ɗaiɗai, babu mai shaidar wani, inji kuma ba shi da yadda zai bambance wanda ya je ya gano da wanda ya kwafa. Gyaran ba ya buƙatar ko sisi. Editan da ya ɗauko rahoton wata jarida ya sa mahaɗinta. Malamin da ya amfana da maƙalar ɗan'uwansa ya nuna ta. Sashen jami'a ya jera ayyukan Hausa da ya yarda da ingancinsu. Yin haka cika amana ne ga wanda ya yi wahalar aikin, kuma ita ce hanyar da rubutun Hausa mai kyau zai hau sama da ƙarfin shaidar masu harshen, ba da kuɗin dillali ba.